Amsa: Gizo nake so in fito a matsayinsa, me zan rubuta a bayaninsa?

Ɗan'uwa, ka ce kana so ka fito a matsayin Gizo a wasan da kowa ke rubutu da bakin wani na cikin tatsuniya, amma ka rasa abin da za ka cike a gurbin shekaru da kamanni a bayaninsa. Kada wannan ya dame ka. Tatsuniya ba ta taɓa ƙirga wa Gizo shekaru ba, rubuta "magidanci, mijin Ƙoƙi" ka wuce.

Halinsa za ka zauna a kai. Wayo gare shi, amma kwaɗayi ke kayar da shi, kuma masu wasa da yawa nan suke kuskurewa, su mai da shi gwanin da ba ya faɗuwa. Wa zai so yin wasa da irin wannan? Tuna yadda hankaki suka ara masa gashi ya bi su cin ɓaure a tsakiyar kogi, ya dinga cewa kowane nunanne nasa ne, suka karɓe gashinsu suka bar shi a kan bishiya. Sa wannan a tarihinsa.

Sai tsamin bakinsa. Idan ya je fada, "Yanka ya daɗe, Shayki" zai ce. Amma don Allah ɗan taɓa kawai, in ka cika shi ba mai iya karantawa.

In akwai mai son fitowa a matsayin Kura, kama shi tun yanzu, domin Gizo sai da wanda zai damfara.