Tambayi Likita: Barkwanci, Zauren WhatsApp da "Gudawar Haƙori"

Likita, masu barkwanci a TikTok suna kwaikwayon likitoci da nas. Za a iya ɗaukar abin da suke faɗa? Daga Kano.

Malam, ka sha dariyarka. Wasan da ya cire wa mutum tsoron allura, ko ya fahimtar da shi dalilin yankar kati, ya yi amfani. Amma sunan magani da adadin da za a sha, wannan sai a bakin ma'aikacin lafiya.

Me ya sa a wajen awo sai an tara mu ana waƙa da tafi kafin a duba mu? Daga Funtuwa.

Hajiya, abin da aka rera ya fi zama a kai. Haka ake haddace alamomin haɗari: zubar jini, kumburin fuska, ciwon kai mai tsanani. A kan bencin nan mai cikin fari ke ƙaruwa da mai haihuwa biyar. In kin ga ɗaya daga cikin alamomin, kada ki jira ranar awo.

Ɗana wata takwas, kwana biyu yana gudawa. A zaurenmu na WhatsApp an ce haƙori ne, in fasa kafso ja da yalo in ba shi. Daga Gusau.

'Yar'uwa, don Allah kada ki ba shi. Na san matan zaurenku taimako suke nufi, kuma ina son irin waɗannan zauruka, don uwa ta fi sakin jiki da uwa. Amma wannan shawarar tana kai yara kabari, kuma na gaji da ganin ana kawo su sun riga sun galabaita.

Haƙori ba ya kawo gudawa. Lokacin fitowarsa ne yaro ke fara rarrafe, yana kai komai baki, an kuma fara ba shi abinci. Nan ƙwayoyin cuta ke shiga. Abin da ke kashewa shi ne ƙarewar ruwan jiki, kuma kafso ba ya mayar da ruwa. Ja da yalon nan, tetracycline, ba a ba yaro ɗan ƙasa da shekara 8, yana ɓata haƙoran da ake cewa ana taimaka wa. Maganin haƙori na kwalba ma ki bar shi. Tsakanin 2008 da 2009 wani mai suna My Pikin ya kashe yara aƙalla 84 a Najeriya saboda gubar da ke ciki.

Ki haɗa ORS, wato garin gishiri da sukari mai mayar da ruwan jiki, yadda aka rubuta a jikin leda, ki riƙa ba shi da cokali bayan kowace gudawa. In babu, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Sai zinc, 20mg kullum na kwana 10 zuwa 14, ko da gudawar ta tsaya. Nono kuwa ki ƙara, kada ki rage.

Yau ɗin nan ki kai shi asibiti, kwana biyu ya isa. In idanunsa sun zurma, maɗiga ta faɗa, ya ƙi kama nono, ko akwai jini a kashin, ko tsakar dare ne ku tafi. Ki kuma tura wannan amsar zauren naku.

Dole sai na je Asibitin Malam Aminu Kano kafin a duba ni da kyau? Daga Bichi.

A'a. Fara da asibitin sha-ka-tafi na kusa da kai. In abin ya fi ƙarfinsu za su ba ka takarda zuwa babban asibiti. Ka dai je da wuri.