In zuba kuɗin adashena a kamfanin da ke biyan riba duk wata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin makaranta ne a Rigasa, ina da mata da 'ya'ya huɗu. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, duk lissafin da na yi wa albashina yakan rushe kafin 20 ga wata, sai na ci bashi. Burina in tsaya da ƙafafuna. Wata mai zuwa zan kwashi adashe, naira dubu 300, kuma wani abokin aikina ya nuna mini kamfanin da ke biyan kashi 20 cikin ɗari duk wata. Ya ce kamfanin yana da rajistar CAC, wato hukumar yi wa kamfanoni rajista, kuma halal ne. Hankalina ya ƙi kwanciya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya buɗa. Ba sakacinka kaɗai ke rusa lissafin ba, domin hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamban 2024. Sai dai yawancin magidantan da nake zama da su cefane da kuɗin mota kawai suke rubutawa, su bar kuɗin haya da na makarantar yara da kayan salla da gudunmawar biki da suna, alhali waɗannan ne ke jefa su bashi. Ka tattara su na shekara guda, ka raba gida 12, ka cire kason kowane wata ranar da albashi ya shigo. Ka zauna da maiɗakinka a kan takardar, domin ita ta san mudu nawa gidan ke ci.

Kamfanin nan kuwa, ina roƙonka kada ka zuba masa ko sisi. Na gaji da jin wannan magana ta "ai suna da CAC", kusan kullum sai an kawo mini ita. Takardar CAC shaida ce kawai cewa an yi wa suna rajista, kamar yadda mai shagon ɗinki a Kasuwar Barci zai iya yi wa shagonsa. Ba ta ba kowa izinin karɓar kuɗin jama'a ya juya ba. Wannan izini yana hannun Hukumar SEC, mai kula da kasuwar hannun jari, ga masu harkar zuba jari, da Babban Bankin Najeriya ga masu karɓar ajiya, kuma SEC na da jerin waɗanda ta yi wa rajista a shafinta na intanet, kowa na iya dubawa.

Ka yi lissafin da kanka, tunda malami ne kai. Naira dubu 100 da ke haifar kashi 20 duk wata, idan aka bar ribar a ciki, za ta kusa kai dubu 900 a shekara guda. Wane ciniki ne a Kaduna, daga Kakuri har Kawo, yake ba da haka babu faɗuwa ko sau ɗaya? Wanda ke da irin wannan ciniki ba ya bukatar adashen malamin makaranta. Abin da ake yi shi ne a biya na farko da kuɗin na baya, har ranar da sababbin shiga suka ragu. Haka MMM, wata harkar zuba kuɗi ta intanet, ta yi alkawarin kashi 30 a wata, ta rufe asusun mutane a Disamban 2016. Haka CBEX, wata makamanciyarta, ta yi alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, ta durƙushe a Afrilun 2025. Abokin aikinka mai yiwuwa gaskiya yake faɗa cewa an biya shi, kuma biyan nasa shi ne ƙugiyar da ake kama irinka da ita.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne rufa wa wannan zamba rigar addini. A mudaraba ta gaskiya, wato haɗin gwiwar mai jari da mai juya shi a Musulunci, ana raba ribar da aka samu ne bisa kason da aka amince, in an faɗi kuma mai jari ne ke ɗaukar asarar dukiyarsa. Duk wanda ya lamunce maka uwar kuɗinka da ƙayyadaddiyar riba duk wata ya fita daga wannan ƙa'ida, ko da ya cika tallarsa da ayoyi.

Dubu 300 ɗinka, ka fara biyan bashin da ke wuyanka. Ka sayi masara da shinkafa da kaka, lokacin da farashi ya sauka a kasuwanni irin na Saminaka. Ragowar ka ajiye a asusun da ba ka da katinsa, domin rashin lafiya. In kana gudun kuɗin ruwa, akwai bankunan Musulunci irin su Jaiz da TAJ, kuma NDIC, hukumar inshorar ajiyar banki, na kare ajiya a irin waɗannan bankuna har naira miliyan 5. Idan ajiyar ta kai cefanen wata uku, sai ka duba Sukuk na Gwamnatin Tarayya, wato takardar zuba jari marar kuɗin ruwa, wanda aka fara a 2017, ana shiga da naira dubu 10.