Yadda kwamfutar kwaikwayo za ta karanta faifan da ke cikin uwar kwamfuta

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da wani tsohon faifan CD na manhajar littattafan hadisi wadda ba ta tashi a Windows 11, don haka aka ɗora mini Windows XP a cikin VirtualBox. Idan na saka faifan, kwamfutata tana ganinsa, amma XP ɗin tana ce mini babu komai a gurbin faifai. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Faifanka lafiya lau yake, na'urar karanta faifan ma ba ta lalace ba. Kwamfutar kwaikwayo, wato XP ɗin da manhajar VirtualBox ke gudanarwa a cikin kwamfutarka ta gaske, baƙuwa ce a gidan uwar kwamfuta, kuma baƙo ba ya taɓa kayan gida sai abin da aka miƙa masa. Gurbin faifan da kake gani a cikin XP VirtualBox ce ta ƙirƙira shi, kuma zai ci gaba da zama wayam har sai ka haɗa shi da na'urar gaske da ke jikin kwamfutarka.

Ka fara kashe XP ɗin gaba ɗaya, ba dakatarwa ba, domin VirtualBox ba ta barin a canza wasu saituna matuƙar na'urar tana cikin halin da aka ajiye ta. Sai ka zaɓi XP ɗin a tagar VirtualBox, ka shiga "Settings", daga nan "Storage". A ƙarƙashin "Controller: IDE" za ka ga hoton faifai an rubuta "Empty" a gefensa. Ka danna shi, sannan ka dubi ɓangaren dama inda akwai wani ƙaramin hoton faifan. Idan ka danna wannan, jerin zaɓi zai sauko, a ciki akwai "Host Drive" tare da harafin na'urarka, galibi D ko E. Shi za ka zaɓa, ka adana, ka kunna XP. Idan kuwa ba ka ga hoton faifan ba sam, wanda ya haɗa maka na'urar bai sa mata gurbi ba, sai ka ƙara shi da ƙaramar alamar faifai mai ɗauke da alamar tarawa (+) da ke kusa da sunan "Controller". Ko XP tana aiki ana iya wannan haɗin ta "Devices" sannan "Optical Drives", muddin gurbin yana nan tun farko.

Da zarar ka zaɓi "Host Drive", wani akwati mai suna "Passthrough" zai bayyana, kuma a nan mutane da yawa ke ruɗewa. Idan babu alama a cikinsa, VirtualBox ce ke karanta bayanan tana miƙa wa baƙuwa, wanda ya wadatar wajen girka manhaja ko kwafar fayil. Idan ka sa alamar, umarnin baƙuwar zai riƙa wucewa kai tsaye zuwa na'urar, abin da ake buƙata wajen ƙona faifai ko sauraron faifan sauti, kodayake nasarar hakan ta danganta da irin na'urar. Shawarata ita ce ka fara gwadawa ba tare da alamar ba, sai manhajar ta ƙi amincewa da faifan sannan ka kunna. Faifan VCD kuwa, irin wanda aka riƙa sayar da finafinai a kai a kasuwanninmu, VirtualBox ba ta kunna shi a cikin baƙuwa ko da an sa wannan alama, don haka kada kowa ya ɓata lokacinsa.

Laftof na yanzu da yawa ba su da gurbin faifai, sai dai a jona na waje ta USB. Irin wannan ma yakan fito a jerin "Host Drive" idan an jona shi kafin a buɗe VirtualBox. Ana kuma iya miƙa shi kacokan ga baƙuwa ta "Devices" sannan "USB", amma a lokacin zai ɓace daga uwar kwamfuta har sai an sake shi. Wanda uwar kwamfutarsa Ubuntu ce, wato wani nau'in Linux, idan na'urar ba ta fito ba, ya duba ko sunansa yana cikin rukunin masu amfani mai suna cdrom, domin izinin taɓa /dev/sr0, wato na'urar faifan, a nan yake, kuma miƙa kayan USB yana buƙatar rukunin vboxusers. A VMware, wata manhaja irin VirtualBox, zaɓin yana ƙarƙashin "CD/DVD" da sunan "Use physical drive", tare da sa alama a "Connected". Masu Hyper-V, irin wannan manhajar ta Microsoft, su lura cewa na'urar "Generation 2" ba ta karɓar gurbin faifai na gaske, fayil ɗin ISO, wato kwafin faifai, kaɗai take ɗauka.

Wannan ya kawo ni ga abin da na fi so ka yi, Malam. Faifan da ya kwashe shekaru yana shan zafi da ƙurar hunturu ba abin da za a riƙa juyawa kullum ba ne. Na sha riƙe irinsu a hannu, in ɗaga su ga haske in ga ƙananan huji a fentin bayansu, kuma duk inda haske ya ratsa, bayanan wurin sun tafi. Ka kwafe shi sau ɗaya zuwa fayil ɗin ISO, wanda kwafi ne na bayanan da ke faifan, kuma girmansa ba zai wuce kusan megabait 700 ba idan CD ne. A Windows manhajar ImgBurn tana yin wannan kyauta, a Linux kuma umarnin dd ya isa. Daga nan ka koma ƙaramin hoton faifan nan, ka zaɓi "Choose a disk file", ka nuna masa fayil ɗin. XP za ta ɗauka faifan ne a ciki, karatun zai fi sauri, batiri kuma zai fi daɗewa tunda babu injin da ke juyawa.

Inda ISO ke gazawa shi ne faifan sauti da kuma faifan da aka sa wa kariyar hana kwafi, wanda manhajarsa ke laluben wata alama a jikin faifan asali duk lokacin da aka buɗe ta. Idan taka ta girku daga ISO amma ta ci gaba da cewa a saka faifai, to irin wannan ce, sai ka koma "Host Drive" tare da "Passthrough". Tunda Microsoft ta daina yi wa XP gyaran tsaro tun Afrilun 2014, kuma manhajar da ke kan faifai ba ta buƙatar intanet, ka shiga "Network" a saitunan na'urar ka cire alamar da ke "Enable Network Adapter" kafin ka fara karatunka.