Auta, kwalin kilo 12 ne ya kwantar da ni

Assalamu alaikum Auta. Saƙonka ya iso ranar Lahadi, na saurare shi sau biyu. Barka da arziki, Allah ya sanya albarka a gurbin karatun. Ka tambaye ni aikin da ɗalibi ke samu da wuri a Ingila, ka ce abokanka sun ba ka labarin manyan sito da gidajen kula da tsofaffi. Sai ka ƙara da dariya wai wanda ya yi hutu biyu yana sauke siminti a shagon Kawu, ba kwalin Bature ne zai tsorata shi ba. Dariyar nan ce ta sa na zauna na rubuto maka.

Aiki dai akwai. Mu da ke birnin Lesta muna tsakiyar yankin manyan sito, daga nan har Nozamton a bin babbar hanyar M1. Ejansi, wato kamfanin da ke samo wa wuraren aiki ma'aikata, kan ɗauke ka yau, jibi ka fara. Bizar ɗalibi awa 20 ta ba ka a mako lokacin karatu, kada ka ƙara ko ɗaya.

Ni ma da irin bakinka na zo. A hunturuna na biyu ina aikin asuba a wani sito, ba mu yi awa ɗaya da farawa ba, na miƙa hannu can ƙarshen katakon da ake jibga kaya, na cicciɓo kwali daga ƙasa, na murɗa jiki zan ajiye shi a dama ba tare da na ɗaga ƙafa ba. Sai na ji kamar an soka min tsinken tsire a ƙugu. Kilo 12 aka rubuta a jikin kwalin. Mako shida ina sallah a kan kujera. Inna ba ta sani ba har yau, kuma ba daga bakinka za ta ji ba.

Matar da ta riƙa gasa min jiki a asibiti ce ta fara zana min abin a takarda, daga baya na bi diddigi da kaina. Akwai fannin ilimi sukutum a kan wannan, sunansa agonomik, wato daidaita aiki da jikin mai yinsa. A nan Ingila aka kafa ƙungiyar masanansa ta farko a 1949.

Ka san yadda ake ɗaga dutse da ƙarfen haƙa: iyakar tsawon ƙarfen, iyakar ƙarfin da yake bayarwa. To haka hannunka yake a kan ƙugunka, sai dai a nan kai ne dutsen. Tsokar da ke riƙe gadon baya dab take da ƙashin, ba ta fi tazarar 'yan yatsu ba, kayan kuwa yana can nesa a hannu. Don ta rinjayi kayan dole ta ja da ƙarfi ninkin-ba-ninkin, duk jan kuma yana sauka ne a kan faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ƙugu. Wani likita ɗan Suwidin, Alf Nachemson, tun a shekarun 1960 yake cusa allura cikin faifan mutane masu rai yana auna matsin. A 1999 wasu masana a Jamus suka sake gwajin: kilo 20 in an sunkuya an ɗauka, matsin ya ninka na tsayuwa fiye da sau huɗu, in an rungume shi a jiki kuwa sau biyu da ɗan ɗori ne kawai. Nauyin bai canza ba, wurin riƙo ne ya canza.

Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta mayar da wannan lissafi a 1981, ta gyara shi a 1991. Kai da ka karanta injiniya zai yi maka daɗi. Ana farawa da kilo 23, nauyin da suka ce yawancin masu lafiya za su iya ɗauka in komai ya yi daidai: kaya a gabanka, tazarar santimita 25, a tsayin da hannu ke kaiwa in ka sake shi, da mariƙi mai kyau, kuma jefi-jefi. Daga nan sai ragi. In tazarar ta zama santimita 50, rabi ya tafi nan take. In daga ƙasa ne a rage, in da murɗa jiki a rage, in sau da yawa ne a minti a rage sosai. Na zauna na saka nawa: tazara wajen santimita 60, kusa da ƙasa, murɗawa zuwa gefe gaba ɗaya. Amsar ba ta kai kilo 6 ba, tun kafin in saka yawan maimaitawa. Ashe ninki biyu nake ɗauka, ɗaruruwan lokuta kafin azahar. Ga kuma asuba: faifan nan kan tsotsi ruwa cikin dare ya kumbura, shi ya sa mutum ya fi tsawo da safe, kuma sunkuyon farkon yini ya fi takura shi.

Buhun simintin gida kilo 50 ne, na nan 25. Amma ka tuna yadda kuke yi a shagon Kawu: mutum biyu su ɗora maka a ka ko a kafaɗa, nauyin yana bin tsakiyar jikinka, kuna gama mota ku zauna a inuwa. A sito ba mai ɗora maka, kuma na'urar da ke hannunka tana ƙirga kwali nawa ka taɓa a awa. Ban ce dako ba ya cin mutum ba, ka dubi tafiyar tsofaffin 'yan dako a Dawanau.

Ranar farko za su nuna muku bidiyo: lanƙwasa gwiwa, miƙe baya. Ka kalla, ka sa hannu a takarda, ba laifi. Amma masanan da suka tattara gwaje-gwaje da dama sun kasa samun hujjar cewa koyar da salon ɗauka shi kaɗai yana hana ciwon baya. Haka bel ɗin da wasu ke ɗaurawa a ƙugu: tun 1994 NIOSH ta ce ba ta ga dalilin ba da shawarar sa shi ba, wani babban bincike da aka buga a 2000 a kan dubban ma'aikatan kantuna bai ga bambanci ba. Ni fam 15 na kashe a kansa. Abin da ya fi amfani shi ne a gyara aikin kansa: a ɗaga katakon kayan zuwa daidai ƙugu, a bar fili ka zagaya shi maimakon ka miƙa, a kawo amalanke, a riƙa sauya muku wurin aiki. Da wannan za ka gane wurin kirki tun makon farko.

Dokar nan Ingila ma a haka ta tsaya. Ta 1992 kan ɗaukar kaya da hannu ta ɗora wa mai wurin aiki abu uku bi da bi: ya kauce wa ɗauka mai haɗari in zai yiwu, in ba zai yiwu ba ya auna haɗarin, sannan ya rage shi. Ba ta yanke iyakar nauyi ba, amma HSE, hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta nan, ta fitar da ma'aunin tantancewa: namiji kilo 25 a jikin ƙugu, mace 16, can ƙasa ko sama da kafaɗa da miƙaƙƙen hannu, namiji 5, mace 3. In ku biyu ne, ba a tara ƙarfinku cif, kashi biyu cikin uku ake ƙirgawa. Ɗan ejansi ma dokar tana kare shi, kuma takalmin kariya su ne za su ba ka, ba kuɗinka ba.

Gidan tsofaffi ya fi sito wuya ta wannan fuska, don mutum ba shi da mariƙi, kuma yakan zame ko ya riƙe maka wuya ba zato. Akwai injin ɗaga mutum da zanen santsi na juya shi a gado. In takardar kula da dattijo ta ce mutum biyu, to biyu ne, ko da abokiyar aikinka ta ce yi sauri mu gama. Kada ka taɓa sa hannu a hammatar tsoho ka ja shi sama, ana korar mutum a kan haka. In kuma ya tafi zai faɗi, kada ka yi ƙoƙarin cafe shi. Na san tarbiyyarmu ba ta yarda ka ga dattijo a ƙasa ka tsaya jiran inji ba, wannan ya fi komai yi min nauyi a 'yan watannin da na yi a can.

Babban kuskurena ba murɗawar ba ce, shirun da na yi ne. Kunya da tsoron kada ejansi ta daina kirana suka sa na ƙarasa yinin, na koma washegari. Kai in ka ji wani abu, gaya wa oga a take, ka tsaya sai an rubuta a littafin haɗari, ka ɗauki hoton shafin. Ka yi rajista da likitan unguwa tun makon da ka sauka, ai kuɗin lafiya ka riga ka biya tare da biza. Yawancin ciwon ƙugu kan lafa cikin 'yan makonni, kuma tafiya a hankali ta fi kwanciya. Amma in ka ji tsakanin cinyoyinka ya mutu, ko fitsari ya ƙi fita ko ya kufce maka, ko ƙafafu biyu sun saki, sashen gaggawa za ka nufa a daren, ba sai gari ya waye ba.

In lissafin nan ya ja hankalinka, Jami'ar Lafbara da ke nan kusa da mu ta daɗe da suna a fannin, ta Notingam ma tana koyar da shi. In ka zo sai mu je ka gani.

Turo min ranar tashinka da lambar jirgi. Ka taho min da kuka da yajin Inna, amma kada ka sako kilishi, ba a shigowa da nama. Ka gaishe ta, ka gai da Kawu da jiki.

Yayanka, daga Lesta.