Tambayoyinku Kan Fasaha: Ƙaura Daga Wata Babbar Manhajar Kwamfuta Zuwa Wata

Tun daga ranar 14 ga Oktoba 2025, wadda kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10, tambayoyin da suka fi yawa a cikin saƙonnin masu karatu su ne na ƙaura daga wata babbar manhaja zuwa wata. Babbar manhaja ita ce wadda take tashi da kwamfuta idan an kunna ta, ita take raba aiki tsakanin furosesa da faifan ajiya da allo, sauran manhajoji kuma a kanta suke hawa. Windows da macOS da Linux su ne ukun da aka fi sani. Na zaɓi saƙonni huɗu da suka tattara mafi yawan abin da ake tambaya.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Kwamfutata ta cinya tun 2016 na saye ta, kuma har yau lafiyarta ƙalau, amma ta ƙi karɓar Windows 11, tana cewa ba ta cika sharuɗɗa ba. An ba ni shawarar in sanya mata Linux. Shin in bi wannan shawara, ko kuwa in haƙura in nemi sabuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kwamfutarka ba ta lalace ba, sharuɗɗan ne suka wuce ta. Windows 11, wadda ta fito a watan Oktoba 2021, tana neman ram, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta take aiki da ita, mai gigabait 4, faifan ajiya mai gigabait 64, da wani ɗan guntun na'urar tsaro da ake kira TPM 2.0, sannan tana neman furosesa na Intel daga ƙarni na takwas zuwa sama, ko Ryzen 2000 zuwa sama idan na AMD ne. Ƙarni na takwas na Intel sai a 2017 ya fara fitowa, saboda haka kwamfutar 2016 kusan ko da yaushe a nan take faɗuwa, komai ƙarfinta. Akwai dabarun da ake bi a tilasta mata karɓar Windows 11, amma Microsoft ya faɗa ƙarara cewa bai ɗauki alhakin ci gaba da aiko wa irin wannan kwamfuta sabuntawa ba, ni kuma ba na son a ɗora aikin da ake ci da shi a kan abin da ba shi da tabbas.

Windows 10 ɗin da ke kanta ba za ta daina tashi ba. Abin da ya tsaya shi ne facin tsaro da ake aikowa duk wata, wato duk wata kafa da masu kutse suka gano daga yanzu za ta zauna a buɗe. An yi wa masu amfani na gida tsarin ƙarin wa'adi na shekara guda, zuwa 13 ga Oktoba 2026, amma wannan jinkiri ne kawai, ba mafita ba.

Game da Linux kuwa, kafin ka tambayi ko tana da kyau, ka ɗauki takarda da biro ka rubuta duk manhajar da ka buɗe a cikin makonni biyu da suka wuce. Wannan takarda ita za ta yanke hukunci, ba ni ba, ba kuma wanda ya ba ka shawara ba. Idan abin da ke jikinta burauza ne da imel da kallon bidiyo da rubuta wasiƙu da taron intanet, to ƙaurarka mai sauƙi ce, domin Firefox da Chrome da VLC da Zoom duk suna da na Linux, LibreOffice kuma tana buɗe fayilolin Word da Excel da PowerPoint. Idan kuwa a takardar akwai Photoshop, ko AutoCAD, ko wata manhajar lissafin kuɗi da wurin aikinka ya wajabta, to ka dakata, domin waɗannan ba a yi su don Linux ba. Za ka ji ana cewa GIMP tana maye gurbin Photoshop. Ga mai yanke hoto da gyara haske haka ne, amma wanda ya shekara goma hannunsa ya saba da Photoshop, kuma abokan aikinsa suna aiko masa da fayiloli masu shimfiɗa hamsin, zai sha wuya. Akwai kuma Wine, wadda take ƙoƙarin tafiyar da manhajojin Windows a kan Linux. Wani lokaci ta yi aiki kamar ba komai, wani lokaci kuma ta ƙi, kuma ba abin da za a jingina sana'a da shi ba ne.

Linux ba guda ɗaya ba ce. Ƙashin bayanta Linus Torvalds ne ya fara rubuta shi a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, daga nan ƙungiyoyi da kamfanoni daban-daban suka riƙa harhaɗa nasu nau'in a kansa. Ga wanda ya fito daga Windows, Linux Mint nake fara ambata, saboda maɓallin farawa yana ƙasa ta hagu inda ido ya saba nemansa, kuma tana iya tashi da ram mai gigabait 2, ko da yake 4 ya fi daɗin aiki. An gina ta ne a kan Ubuntu ta kamfanin Canonical, wadda take fitar da bugu mai dogon tallafi a watan Afrilu na kowace shekara biyu, kowanne da facin tsaro na shekara biyar. Mint 22, alal misali, tallafinta zai kai 2029.

Tambaya: Malam, ni abin da nake tsoro shi ne fayilolina. Ina da rubuce-rubuce na shekaru da hotunan iyali. Idan na sauya babbar manhaja za su bi ni, ko za su salwanta?

Amsa: Malama, tsoronki yana kan hanya, kuma gara mai wannan tsoro da wanda ba shi da shi. Sanya sabuwar babbar manhaja a kan dukan faifai yana shafe duk abin da ke ciki, babu tambaya ta biyu bayan an danna maɓallin amincewa. Don haka aikin farko shi ne kwafe komai zuwa faifan waje, kuma kada ki yarda da sandar nuna ci gaban kwafi da ta cika a allo ta ce an gama. Ki cire faifan, ki kai shi wata kwamfuta, ki buɗe hotuna goma da takardu goma daga wurare daban-daban ki ga sun buɗe. Abin da ya fi daraja, ki ajiye shi a wuri biyu.

Akwai abubuwan da ba sa zama a cikin jakar takardu, su ne aka fi mantawa. Kalmomin sirri da burauza ta haddace miki, shafukan da kika yi wa alama, imel ɗin da wata manhaja ta sauke a kan kwamfutar, da lambobin lasisin manhajojin da kika saya. Haka nan idan kina amfani da OneDrive, ma'ajiyar Microsoft ta intanet, ki lura cewa fayil mai alamar gajimare a gefensa sunansa kawai ke kan kwamfutar, jikinsa yana intanet, sai kin sauke shi kafin kwafinsa ya zama kwafi.

Sai batun tsarin da aka tsara faifan wajen da shi, wanda mutane da yawa ba su san da shi ba sai ya cije su. Windows tana amfani da NTFS, yawancin nau'o'in Linux suna amfani da ext4, Mac kuma APFS. Linux tana karanta NTFS tana kuma rubutu a kai, amma Windows ba ta gane ext4 da kanta. Wanda dukansu uku suke karantawa suna rubutawa shi ne exFAT, shi ya sa shi nake so ga faifan da zai riƙa yawo tsakanin kwamfutoci. Tsohon FAT32 ma kowa yana gane shi, sai dai ba ya ɗaukar fayil guda da ya wuce gigabait 4, kuma bidiyo ɗaya mai tsawo ya isa ya wuce haka.

Bayan ajiya sai gwaji, kuma a nan Linux tana da wata falala da ya kamata kowa ya ci moriyarta. Za ki sauke fayil ɗin da ake sanya manhajar da shi daga shafinta na asali, ki rubuta shi a kan filashi mai gigabait 8 da manhajar Rufus ko balenaEtcher, ki sake kunna kwamfutar kina danna maɓallin zaɓen inda za ta tashi, wanda galibi F12 ne a Dell da Lenovo, F9 a HP. Linux za ta tashi daga filashin ba tare da ta taɓa faifanki ba. Ki zauna da ita awa guda: ki haɗa Wi-Fi, ki kunna sauti, ki gwada kyamara, ki jona firinta, ki rufe murfin kwamfutar ki buɗe ki ga ko ta farka. Idan wani abu zai ba da matsala, yawanci katin Wi-Fi ne ko katin hoto mai neman direba na musamman, wato ƙaramar manhajar da take sa na'urar ta yi aiki, kuma gara a gano haka tun Windows tana nan.

A wajen rubuta filashin nan ni kaina na taɓa yin ɓarna. Filashi da faifan ajiyata na waje duk suna jone, jerin ya nuno sunaye biyu masu kama da juna, na zaɓi na sama ba tare da na dubi girmansa ba. Kafin in ankara ƙaramar fitilar faifan ajiyar ta fara ƙyaftawa, hotunan shekara uku suka tafi cikin daƙiƙa kaɗan. Tun daga ranar nake cire duk abin da ke jone in bar filashin shi kaɗai.

Rubuce-rubucenki za su buɗe a LibreOffice, amma kina iya ganin shafi ya zame, layin ƙarshe ya tsallaka shafi na gaba. Yawanci laifin salon haruffa ne: Calibri da Cambria na Microsoft ne, ba sa zuwa da Linux. Idan kika sanya Carlito da Caladea, waɗanda aka yi su da faɗin haruffa daidai da na waɗancan, yawancin shafukan za su koma mazauninsu. Takardar da za a buga ko a aika wa hukuma kuwa, ki mayar da ita PDF tun kafin ƙaura.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ba zan iya ajiye Windows da Linux su biyun a kwamfuta ɗaya ba, in riƙa zaɓa?

Amsa: Za ka iya, Malam, kuma ga mai manhaja ɗaya tak da ta riƙe shi a Windows wannan hanya ce mai kyau. Ana raba faifan gida biyu, Windows ta fara zama, sannan a sanya Linux a gefenta, ita kuma ta kawo ɗan jerin zaɓi mai suna GRUB da zai riƙa fitowa duk lokacin da aka kunna. Abu uku za ka kiyaye. Idan BitLocker, manhajar Windows mai kulle bayanan faifai, tana kunne, ka nemo mabuɗin ceto mai lambobi 48 ka rubuta shi a takarda tun kafin ka taɓa komai, domin sauyin tsarin tashi yana iya sa Windows ta tsaya a shuɗin allo tana nemansa, kuma in babu shi babu shiga. Ka kashe saurin tashi na Windows, wato Fast Startup, saboda yana barin faifan a rabin barci, sai Linux ta ƙi rubutu a kansa. Na uku ƙarami ne amma yana da ban haushi: agogo zai riƙa sauyawa duk lokacin da ka tsallaka, domin Linux tana ajiye lokacin duniya na UTC a agogon na'ura, Windows kuma tana ɗaukarsa lokacin gida ne. Umarni guda a Linux yana daidaita su.

Idan kwamfutar tana da ram mai gigabait 16, akwai hanyar da ta fi wannan rashin haɗari, wato a tafiyar da ɗayar a cikin taga da VirtualBox, ba tare da an raba faifai ba.

Tambaya: Malam, na koma MacBook daga Windows. Faifana na waje yana buɗewa amma ya ƙi karɓar sabon fayil, Ctrl da C ba sa kwafa, kuma ina so in san ko zan iya sanya mata Windows.

Amsa: Faifanka lafiyarsa lau, Malam, NTFS ne, macOS kuma tana karanta NTFS amma ba ta rubutu a kai da kanta. Ka kwafe abin da ke ciki zuwa wani wuri, ka sake tsara shi zuwa exFAT da Disk Utility, ka mayar da kayan. Ka tuna sake tsarawa yana shafe komai. Kwafa da liƙawa kuwa maɓallin Command, wanda yake dab da sandar tazara, shi ne ya karɓi aikin Ctrl, saboda haka babban yatsa ne zai koyi aikin da ƙaramin yatsa ya saba yi, kuma mako biyu sun isa hannu ya saba. Maɓalli mai launin ja da ke saman taga ta hagu taga kawai yake rufewa, manhajar tana nan tana aiki har sai ka danna Command da Q. Idan tsohuwar kwamfutar tana hannunka, Migration Assistant na Apple yana iya ɗebo takardu da hotuna da lambobin mutane daga Windows ta hanyar sadarwa guda, amma ba ya ɗebo manhajoji. Waɗannan sai ka nemi na Mac. Word da Excel da Photoshop duk akwai su, Access ce babu.

Sanya Windows ya danganta da furosesan da ke ciki. Mac masu Intel suna da Boot Camp, wanda yake ba Windows 10 nata sashe a faifai. Tun daga Nuwamba 2020 Apple ya fara fitar da Mac masu furosesansa na kansa, daga M1 zuwa gaba, kuma a kansu babu Boot Camp. Abin da ya rage shi ne a tafiyar da Windows 11 ta furosesan Arm, wato irin tsarin da furosesan Apple suke kai, a cikin taga, da Parallels Desktop ko VMware Fusion. Yawancin manhajojin ofis suna tafiya a haka, amma tsofaffin direbobin na'urori da wasu wasanni suna ƙi. Ka danna alamar tuffa a saman allo ta hagu, ka zaɓi layin farko mai bayanin kwamfutar, a nan za ka ga ko Intel aka rubuta ko harafin M da lamba.