Wuƙar ninki a mahaɗa take mutuwa

Jiya muna saman tirelar nan mai zuwa Bolga da ke arewacin Gana, kana jan igiya ina ɗaurewa, ka ce mini: "Maigida, wuƙa uku ke nan na saya tun azumi, duk sun mutu. Wace irin wuƙar ninki ce za ta jure aikinmu?" Ban ba ka amsa ba, don hadari ya haɗo kuma rabin tamfol ɗin yana buɗe. Yanzu rumfa ta yi shiru, jawo benci ka zauna.

Ɗauko gawarwakin nan uku mu gani. Ka lura, babu wadda ruwanta ya karye gida biyu. Wannan tana lilo kamar haƙorin tsohuwa. Wannan makullinta ya daina kamawa. Ta ukun kuwa kai ka kashe ta da hannunka, ranar da ka ɓamɓare murfin gwangwanin gam da tsininta, ina kallonka na yi shiru. Wuƙar mahauci ƙarfe ɗaya ce daga tsini har cikin mariƙi, shi ya sa yake shekaru da ita har ta siranta. Ta ninki kuwa abu biyu ne aka haɗa da ƙusa guda. Duk ƙarfin da ka sa wajen yanka igiyar nailan ko robar taya, a kan ƙusar nan da makulli yake sauka. Ku yara idan kun je kasuwa ƙyallin ruwan kuke kallo, alhali a mahaɗa ciwon yake.

Saboda haka idan mai kaya ya miƙo maka wuƙa, buɗe ta har ka ji ta kama. Naɗe ruwan da tsumma, ka riƙe, ka girgiza shi hagu da dama, sannan sama da ƙasa. In yana ɗan motsi hagu da dama, kuma mahaɗar noti ce mai kuncewa, wannan da sauƙi, ana ɗaurewa. Yawancinsu bakin tauraro gare su, irin na masu gyaran waya, sai ka nemi ɗan sukurudirebansa ka ajiye. Amma in sama da ƙasa yake motsi, mayar masa da abinsa ko da kyauta ya ba ka, don makullin ne bai zauna ba, kuma kullum ƙaruwa zai yi. Sannan ka rufe ta ka leƙa: ruwan ya kwanta a tsakiya, ko yana gugar gefe ɗaya? Mai gugar gefe a karkace aka haɗa ta.

Akwai na yayi da ake sa wa ƙananan boris a mahaɗa, da ka taɓa sai su buɗe fat. Suna da daɗin wasa a hannu. Amma ka san Suame Magazine, unguwarmu ta masu gyaran motoci a Kumasi: ƙasa, baƙin mai, garin ƙarfe, ga ƙurar hunturu daga Disamba har Fabrairu. Duk wannan shiga boris yake yi ya cushe. Ni na fi son mai 'yan wasoshin tagulla a gefe da gefe. Tana da ɗan tauri wajen buɗewa, amma datti bai cika damunta ba.

To, makulli. Nan zan daɗe, don ka ga tabon nan a ɗan alina. Ina sa'anka na sayi wata wuƙa wajen mai talla a tasha, mai zanen damisa a jiki. Ina huda bel mai kauri da ita, na danna da ƙarfi, ta ninke a kan yatsana. Sati uku ban riƙe allura ba, maigidana kuma bai ce mini sannu ba sai da ya gama faɗa.

Akwai wadda ba ta da makulli sam, sifirin ne kawai ke tokare ruwan, kamar yawancin jajayen nan na Victorinox masu almakashi da mabuɗin kwalba. Ingancinsu babu magana, amma na feraye lemo ne da yanke zare. Kar ka huda abu mai tauri da su. Akwai mai makulli a gadon baya, wadda sai ka danna wani wuri a bayan mariƙin kafin ta rufe. Buck 110 ta Amurka, wadda ta fito a 1964, ita ta yi suna da wannan, har aka yi ta kwaikwayonta a duniya. Ƙugiyar ƙarfe ce ke faɗawa cikin wani gurbi a gindin ruwan, in an yi ta da kyau ba ta saki. Aibinta biyu: tana son hannu biyu wajen rufewa, kuma idan audugar aljihu ta cika gurbin sai ƙugiyar ta ƙi zama sosai, don haka a riƙa sakace shi da tsinke. Sai kuma wadda ta fi yawa yanzu, mai wani fallen ƙarfe a cikin mariƙi wanda ke zamowa ya tokare gindin ruwan. Hannu ɗaya ya isa ka buɗe ka rufe, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da ɗaya hannunsa ke riƙe da igiya a saman kaya. Sai dai ka duba kaurin fallen. In siriri ne kamar murfin gwangwanin madara, bar shi. Ka duba kuma inda ya tsaya: ana so ya hau gindin ruwan sosai, amma kada ya zarce har ɗaya bangon, don wanda ya kai bango tun yana sabo ba shi da sauran wurin cinyewa.

Iyayenmu Okapi suka sani, mai zoben nan a baya da ake ja kafin ta rufe. A Jamus aka fara ƙera ta a 1902 domin kasuwar Afirka, daga baya a 1988 aikin ya koma Afirka ta Kudu. Ba ta da kyan gani, sabuwarta ma sau da yawa sai ka wasa ta da kanka, amma tana ɗaukar kaifi kuma in ta ɓace ba ka kwana kana tsaki. Opinel ta Faransa ita ma tsohuwa ce, tun 1890, da zoben da ake murɗawa ya kulle ta, wanda suka ƙara a 1955. Yankanta kamar aska, don ruwanta siriri ne. Matsalarta a garin nan ita ce mariƙin katako ne, da damina ta kankama sai ya sha laima ya kumbura, ka yi ta fama da farce kafin ta buɗe. A Tamale ko Bawku, can arewa inda laima ba ta kai ta nan ba, za ta fi jin daɗin zama.

Maganar ƙarfe kuma, kar lambobin da ake bugawa a jiki su ruɗe ka. Iri biyu ne a taƙaice. Baƙin ƙarfe mai kabon, kamar 1095, yana saurin kaifi, yana sauƙin wasawa, amma ka bar shi dare ɗaya da gumi ko ruwan sama, da safe ka tarar da tsatsa. Sai marar tsatsa, wanda aka zuba wa kuromiyom aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari. A Kumasi, inda damina ke zuwa sau biyu a shekara kuma rigarka ba ta bushewa da gumi, marar tsatsa nake ba ka shawara. In ka ga 420HC, ko 440C, ko 8Cr13MoV na Sin, duk sun isa aikinmu. Za ka ji ana yabon ƙarfen D2, kuma gaskiya ne yana daɗewa bai dakushe ba. Amma ranar da ya dakushe za ka sha wuya a kan dutsen da muke da shi, kuma yana iya yin ɗigon tsatsa. Mu kullum cikin yankan tamfol mai ƙasa muke, babu ƙarfen da ba ya dakushewa a hannunmu. Wanda zan mayar wa kaifi cikin minti biyu kafin azahar ya fi mini wanda sai na nemi dutse na musamman. Kuma lamba ɗaya a wuƙa biyu ba ta sa su zama ɗaya, don yadda aka gasa ƙarfen aka sanyaya shi a masana'anta shi ke sa ya yi tauri ko ya zama kamar cokali.

Tunda na ambaci wasawa: kar in sake ganin ka kai wuƙarka injin gurza na masu walda. Da bakin ya yi shuɗi, taurinsa ya tafi, ba ya dawowa. Dutse da ruwa, ka kwantar da ruwan wuƙar wajen digiri 20 kowane gefe, ka ƙarasa a bayan tsohon bel. Mai haƙoran zarto tana cin igiya da sauri, amma ba ta wasuwa a shimfiɗaɗɗen dutse, kuma tana yage tamfol maimakon ta tsaga shi. Miƙaƙƙen baki ka nema.

Tsawon ruwa santimita 8 zuwa 9 ya wadatar, kauri kamar milimita 3, da tsini mai ɗan faɗi. Mariƙi ya cika hannu, yatsu huɗu su zauna, kuma ya zama mai kaushi, don hannun da ya sha baƙin mai ba ya riƙe abu mai santsi. In da huda a gindi, zura igiya ka maƙala a bel. Wuƙar da ta faɗo daga saman tirela kan kwalta, in ba ta sami kan wani ba, ta sami tsininta.

Game da kuɗi, araha ba ta ado, amma kuma ban ce ka zuba kuɗin wata guda a aljihu ba. Jabu sun cika gari. In ka ga babban suna a jiki, farashin kuma bai fi na kwanon waakye (shinkafa da wake) biyu ba, ka san amsar. Gara marar suna wadda ta ci gwajin girgiza. Manyan nan masu fita da maɓalli kuwa, masu kama da na 'yan daba, ba kayan aiki ba ne, kuma dokar laifuka ta Gana ta 1960 ta hana yawo da makami a bainar jama'a ba tare da izini ba. Taka ta zauna a jakar aiki tare da allura da zare. Ban da wurin biki, ban da filin ƙwallo.

Duk Juma'a kafin mu rufe, ka goge ta, ka busa mahaɗar, ka ɗiga mata ɗigo ɗaya na man keken ɗinki. Ɗaya na ce, in ya yi yawa ƙura yake kira.

Ran Asabar za mu shiga kasuwar Kejetia sayen zare, sai ka yanko guntun igiyar nailan ka sa a aljihu mu gwada a gaban mai kaya. Kafin nan miƙo mini mai lilon nan da ƙaramar guduma. Tata ƙusar dakakkiya ce, in na ɗora ta a kan uwar maƙera na ɗan bubbuga kanta, za ta kai ka Asabar.