Hukuncin kifin da aka samu tsutsa a jikinsa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai sayar da kifi ne a Yawuri. Wani lokaci idan na fede karfasa sai in tarar da 'yan ƙulle-ƙulle rawaya a gindin kai da cikin tsoka, in na matsa tsutsa ta fito tana motsi. Ya halatta a ci? Zan iya sayarwa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kifin halal ne. Allah ya halatta mana farautar ruwa da abincinsa a aya ta 96 cikin Suratul Ma'ida, kuma Annabi (SAW) ya ce game da teku ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. A mazhabar Malikiyya abin da ba shi da jini mai gudana ba ya zama najasa, don haka tsutsar ba ta najasta naman ba.

Saura batun cutarwa, a nan kuwa sai mu saurari masana. Wannan shafaffiyar tsutsa suna kiranta Clinostomum. Babbarta tana zaune a baki da maƙogwaron zalɓe, ƙwanta ya faɗa ruwa, abin da ya ƙyanƙyashe ya shiga dodon koɗi ya hayayyafa, ya fito ya huda fatar kifi ya kwanta yana jiran tsuntsu ya haɗiye kifin. Wanda ya ci ɗanyen kifi tana iya maƙale masa a maƙogwaro, an ga haka a Japan da Koriya. Wuta tana kashe ta. Danginta na Sin da Tailan sun fi ta sharri, ido ba ya ganinsu a naman kifi, suna zama a hantar mutum har su jawo ciwon daji. Tsargiya dai ba ta wannan hanya take zuwa ba, ta fata take shiga idan an yi wanka a ruwan da dodon koɗi ya gurɓata.

Saboda haka a cire tsutsar, a dafa kifin ko a soya har zafi ya ratsa tsakiyar naman. Bandar da hayaƙi kawai ya lasa ba ta isa ba. Cin sa ɗanye bayan an san haka bai halatta ba, domin Shari'a ta hana cuta da cutarwa. Wanda ransa ya ƙyamace shi ya bari, babu laifi, amma kada ya haramta wa wasu.

Sayarwa ta halatta idan ka bayyana, domin wannan aibi ne da ke rage kuɗin kaya. Annabi (SAW) ya sa hannu cikin tsibin abinci ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Ka ware masu tsutsar, ka faɗa wa mai saye. Idan ka ɓoye ya gano, yana da haƙƙin mayar maka da kifinka ya karɓi kuɗinsa.

Wallahu a'alam.